Muhawara: Yaya ake gane hannun da ya taɓa manhaja kafin ta iso wayar mutum?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Masu ilimin cikin manhaja, ina neman agajinku. Wata baiwar Allah ta kawo waya shagona a nan Kawo, Kaduna, tana kukan zafi da shan batir. Ina dubawa sai na lura manhajar da take tura kuɗi da ita ba daga Play Store ta sauke ba. Ta ce a zauren WhatsApp na adashinsu aka turo, wai sabuwar fitowa ce mai ba da garaɓasa. Na kwaso fayil ɗin zuwa laftof, na mayar da ƙarshen sunan daga apk zuwa zip na buɗe. Komai na nan yadda aka saba, AndroidManifest.xml da classes.dex da resources.arsc da folda assets. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne classes.dex ɗin, fayil ɗin da kod ɗin manhaja ke zama a ciki, yana da nauyi sosai, amma da na jefa shi cikin jadx, manhajar da ke buɗe kod don a karanta, sai 'yan sassa ƙalilan suka fito, babba a cikinsu com.stub.StubApp. Babu shafin shiga, babu shafin tura kuɗi. A cikin assets kuma na ga libjiagu.so da libjiagu_a64.so. Ina sauran kod ɗin ya shiga?

Ɗan Poly:
Wa alaikumus salam. Yaya, ai magana ta ƙare tun daga nan. Manhajar da ta ɓoye kod ɗinta tana da abin ɓoyewa. A goge ta kawai, a ce matar ta canza lambobin sirrinta.

Injiniya:
Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Shawarar canza lambobin sirri tana kan hanya, a yi ta yanzu, kuma a yi daga wata wayar daban. Amma dalilin da Ɗan Poly ya kawo bai isa ba, zan dawo kansa.

Kod ɗin bai je ko'ina ba, yana gabanka, kulle shi aka yi. Abin da ka gani alamar Jiagu ce, ta kamfanin Qihoo 360 na ƙasar Sin. Aikinta shi ne ta ɗauki ainihin kod ɗin manhaja ta rufe shi da mabuɗin sirri, ta sa masa ɓawo. Wannan StubApp ɗin shi ne ɓawon. Idan ka buɗe AndroidManifest za ka ga shi aka rubuta a matsayin abin da zai fara tashi. Da zarar mutum ya taɓa manhajar, StubApp ya tashi, ya kira libjiagu.so, shi kuma ya kwance ainihin kod ɗin a cikin ƙwaƙwalwar waya ya miƙa wa Android. Nauyin da ka gani a classes.dex na rufaffen kod ne da aka liƙa a bayan ɓawon, jadx kuwa iyakar abin da kan fayil ɗin ya bayyana yake karantawa.

Maman Ilham:
Sannunku. Ɗan Poly ƙanena, ni ban yarda da wannan hukunci ba ko kaɗan. Sana'ata ke nan, rubuta manhaja nake yi wa makarantu da masu shaguna a Barnawa da kewaye. Ka san zafin ka kwashe watanni kana aiki, wani ya sauke, ya cire sunanka, ya cusa talla, ya raba? A ƙasar Sin manyan manhajoji na halal da yawa da ɓawo suke fita, saboda kasuwannin manhajarsu suna da yawa kuma satar aiki ta yi ƙamari. Bankuna a duniya ma suna biyan kuɗi don a kare musu kod. Idan ɓoye kod laifi ne, to manhajar bankin da ke wayarka ma mai laifi ce.

Ɗan Poly:
Anti, na ji. Amma banki a Najeriya zai je ya ɗauko ɓawon Sin, sannan ya raba manhajarsa ta zauren adashi?

Injiniya:
Wannan tambaya ta fi ta farko ƙarfi. Bari mu raba abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa, don kowanne labarinsa daban.

Na farko harhaɗawa. Mai manhaja yana rubutu da Java ko Kotlin, sai wata manhaja ta juya rubutun zuwa fayil ɗin dex, wanda shi ne Android ke iya gudanarwa. Da can dx ne ke wannan aiki. Daga Android Studio 3.1 a 2018 D8 ya karɓe shi, sannan a 2019 R8 ya zama shi ne ke rage kod da sauya sunaye idan an kunna masa. Duk manhaja sai ta bi ta nan, babu wadda ta tsira.

Na biyu rikita kod. Kod yana nan a fili, jadx zai nuna maka shi, amma sunayen sun koma a, b, c, aa, ab. ProGuard ne ya shahara da wannan tun farkon shekarun 2000, yanzu R8 ke yi kyauta ga kowa. Masu kuɗi kuma sukan sayi DexGuard na kamfanin Guardsquare da ke Beljiyam, ko DexProtector na Licel. Su waɗannan ba sa tsayawa kan sunaye, har rubutun da ke cikin kod suke rufewa, su karkatar da hanyar da kod ke bi, su sa manhajar ta riƙa duba ko an taɓa ta.

Na uku shi ne ɓawo, wanda Baban Khalifa ya ci karo da shi. A nan kod ɗin ma ba ka ganinsa sam sai manhajar ta tashi.

Sanin wanne ne a cikin ukun nan yana gaya maka hannun da manhajar ta bi. Ba ya gaya maka niyyar mai hannun. Wannan sai an nemo ta wata hanya.

Baban Khalifa:
To Injiniya, ban da libjiagu, akwai wasu sunaye da ya kamata mu riƙe? Don mu a shago ba kullum ake da lokacin dogon bincike ba.

Injiniya:
Akwai. libshell ko libshella tare da com.tencent.StubShell, wannan Legu ne na Tencent. libsecexe.so ko libDexHelper.so, Bangcle ne, wanda ake kuma kira SecNeo. libbaiduprotect.so sunansa ya faɗi kansa. ijiami.dat a cikin assets na Ijiami ne. Amma kada ka wahalar da kanka da hadda. Akwai APKiD, na ƙungiyar RedNaga, kyauta ne. Ya tara alamomin nan duka a matsayin dokokin YARA, wato ƙa'idojin gane fayil ta alamominsa, ka ba shi fayil ya gaya maka da me aka harhaɗa, da me aka rikita, wane ɓawo aka sa, da ko manhajar tana leƙen ko a wayar gaske take ko a ta cikin kwamfuta. Idan girka shi a Windows ya ba ka wahala, MobSF, wani kayan binciken tsaron manhajojin waya, yana ɗauke da shi a ciki, sakamakon zai fito a rahoton da yake bayarwa.

Baban Khalifa:
Wani yaro a shagon maƙwabcina yana da shi a laftof ɗinsa, mun gwada. Ga abin da ya fito a kan classes.dex:
compiler : dexlib 2.x
packer : Jiagu

Ɗan Poly:
Yauwa! dexlib! Na karanta cewa dexlib na nufin an buɗe manhajar da apktool, kayan farke manhaja, an sake ɗinke ta. An kama su.

Injiniya:
Ka karanta daidai, amma rabi ne. Ga yadda abin yake. Fayil ɗin dex yana da sassa, na rubutu, na sunayen ayyuka, na kod, sannan akwai wani jeri da ke nuna inda kowane sashe yake. Ƙa'idar dex ba ta tilasta yadda za a jera wasu daga cikin sassan nan ba, don haka kowace manhajar harhaɗawa tana da nata tsarin. dx yana jerawa iri ɗaya, dexlib yana jerawa wani iri. Kamar yadda tsohon tela a Kasuwar Barci zai juya riga ya dubi bayan ɗinki ya ce maka wannan an farke an sake, haka APKiD yake duba jerin nan. D8 da R8 ma sun fi sauƙi, don suna barin rubutu a fili cikin fayil ɗin. Ka nemi ~~R8 ko ~~D8, za ka ga sigar da aka yi amfani da ita, da mafi ƙarancin Android da aka nufa, da ko ginin gwaji ne ko na fitarwa.

Apktool yana amfani da smali wajen sake haɗa dex, smali kuma da dexlib yake rubuta fayil. Don haka idan ka ga manhaja marar ɓawo, wadda ta asalinta ke nuna R8, amma wadda ke hannunka ke nuna dexlib, to wani ya farke ta a hanya. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Sai dai kayan kariya da yawa su ma sai sun sake rubuta dex ɗin bayan an gama harhaɗawa, kuma wasunsu da dexlib ɗin suke yi. A manhaja mai ɓawo, abin da APKiD ya karanta ɓawon ne, ba abin da ke ciki ba. Ganin dexlib tare da Jiagu bai ƙara mana komai a kan ganin Jiagu kaɗai ba.

Maman Ilham:
Shi ya sa nake jin tsoron masu gudanar da kayan bincike su ɗauki hoton sakamako su watsa a Facebook da jan rubutu. Layi ɗaya suka gani, sunan mutum ya ɓaci.

Malama mai POS:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ban san dex ba ban san smali ba. A Rigasa nake sana'ar POS, kuma irin wannan saƙo ya shigo zaurenmu. Abin da na tuna shi ne an rubuta a ƙasa cewa sai ka fara goge tsohuwar manhajar kafin ka sa sabuwar, in ba haka ba ba za ta hau ba. Ni dai ban sa ba. Wannan yana da alaƙa da abin da kuke faɗa?

Injiniya:
Malama, Allah ya saka da alheri, kin kawo abin da ya fi duk abin da muka tattauna nauyi. Baban Khalifa, tambayi mai wayar ko ita ma an ce mata haka.

Baban Khalifa:
Na kira ta. Ta ce ƙwarai, da farko ta gwada wayar ta ƙi, sai da ta goge ta asalin sannan ta hau.

Injiniya:
To ga dalili. Kowace manhajar Android sai an sa mata hannu da mabuɗin sirri kafin ta hau waya. Idan sabuwar siga ta zo, Android yana duba ko hannun da ke kanta shi ne na wadda ke kan wayar. In ba shi ba ne, ya ƙi. Wanda ya farke manhajar wani ya sake ɗinkewa ba shi da mabuɗin mai ita, dole ya sa nasa hannun. Shi ya sa suke cewa a fara gogewa. Kamfanin gaske ba ya buƙatar ka goge manhajarsa kafin ka sabunta ta.

Ga abin da za ka yi. A cikin kayan Android SDK akwai apksigner. Ka rubuta apksigner verify --print-certs sai sunan fayil. Zai ba ka sunan mai satifiket da lambar SHA-256 ɗinsa, wadda take kamar zanen yatsansa. Sannan ka sauke ta asalin daga Play Store a wata waya, ka haɗa da laftof, ka yi amfani da adb, kayan ba waya umarni daga laftof, ka rubuta adb shell pm path da sunan kunshin manhajar, ka jawo base.apk da adb pull, ka yi masa irin wannan. Sai ka ajiye lambobin biyu gefe da gefe. Kada ka dogara da leƙa folda META-INF kawai, wannan tsohon tsari ne. Tun Android 7.0 a 2016 aka kawo tsari na biyu da ke sa hannu a kan fayil ɗin gaba ɗaya, kuma ba a cikin wannan folda yake zama ba. Akwai ma wani rauni da aka gano a 2017 mai suna Janus, wanda ya ba da damar liƙa wani dex a gaban manhaja ba tare da tsohon sa hannun ya lalace ba, kuma manhajojin da suka dogara da tsohon tsarin kaɗai ya shafa.

Maman Ilham:
Injiniya, a nan ma ina da gyara. Bambancin sa hannu ba kullum yake nufin jabu ba. Tun watan Agusta na 2021 sabbin manhajoji a Play Store da AAB, tsarin fayil da ya maye gurbin apk wajen ɗorawa, ake ɗora su, kuma Google ne ke riƙe da mabuɗin da ake sa hannu na ƙarshe. Ni mabuɗin ɗorawa kawai ke hannuna. Idan na ba wani shugaban makaranta fayil kai tsaye daga laftof ɗina, hannun da ke kai daban ne da na Play Store, alhali duka nawa ne. Haka wanda ya sa manhajarsa a AppGallery na Huawei ko Palm Store da ke zuwa a wayoyin Tecno da Infinix, zai iya kasancewa da wani mabuɗin.

Injiniya:
Haka ne Maman Ilham, kuma gyara ne mai amfani. Shi ya sa ba lambar kaɗai ake dubawa ba, har da sunan da ke jikin satifiket ɗin, da hanyar da fayil ɗin ya biyo. Ke shugaban makarantar ya san ki, ya san daga hannunki ya karɓa. Bari mu ga abin da Baban Khalifa zai samo.

Baban Khalifa:
Na gama. Lambobin ba su yi kama ba ko a harafin farko. Ta Play Store tana nuna R8, babu libjiagu a cikinta ko ɗaya, jadx ya buɗe ta da sassa dubbai masu sunaye a, b, c. Ta zauren adashi kuwa sunan da ke satifiket ɗinta Android ne kawai, da adireshin android@android.com.

Injiniya:
Wannan mabuɗin gwaji ne da ke cikin buɗaɗɗen kod ɗin Android, kowa a duniya zai iya sauke shi. Masu farke manhaja suna yawan amfani da shi don kayan aikinsu da shi suke zuwa. Babu kamfanin hada-hadar kuɗi da zai fitar da manhaja da mabuɗin da ke hannun kowa. Yanzu hujjoji sun haɗu: ta asali ba ta da ɓawo wannan tana da shi, hannun ba na mai ita ba ne, an ce a goge ta asali, an raba ta bayan fage. Ɓawon shi kaɗai bai isa ba, amma a wannan jerin ya samu wurin zama, don wanda ya sa shi ba mai manhajar ba ne. Abin da yake karewa shi ne abin da ya cusa.

Saura abu ɗaya. Ɓawo yana rufe kod, amma ba ya iya rufe izinin da manhaja ke nema, don dole Android ya karanta su a AndroidManifest kafin ya girka ta. Duba can ka gaya mana.

Baban Khalifa:
Akwai RECEIVE_SMS da READ_SMS da READ_CONTACTS. Akwai kuma wani sashe mai BIND_ACCESSIBILITY_SERVICE. Ta asalin ba ta da na saƙonni, ba ta da wannan na ƙarshen.

Injiniya:
Inna lillahi. Na saƙonnin don karanta lambar da banki ke turowa ne. Na ƙarshen an yi shi ne don taimaka wa makafi da masu lalura, yana ba manhaja damar ganin abin da ke kan allo da danna maɓalli a madadin mutum, shi ya sa ɓarayi ke son sa. Google ya taƙaita izinin saƙonni a Play Store tun 2019, manhajojin halal suna da wata hanya ta karɓar lambar tabbatarwa ba tare da karanta duk saƙonnin mutum ba. Daga Android 13 kuma an ƙara shinge ga manhajar da aka sa daga waje idan ta nemi wancan izinin, amma wayoyin da ke hannun mutanenmu da yawa ba su kai nan ba. Ka ce mata ta je bankinta da kanta gobe da safe, ta kuma sanar da 'yan adashin. Wayar kuma a kwashe hotuna da lambobi a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Alhaji Mai Waya:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa. Na daɗe ina sayar da waya a bakin kasuwar Sheikh Gumi, tun kafin wasunku su shiga sakandare. Abin da kuka gano gaskiya ne, Allah ya kare mu. Amma ina so ku sauko ƙasa kaɗan. Mutum ya zo daga ƙauye ya sayi waya, ba shi da imel, bai san Play Store ba, data kuma ta yi tsada. Yaran shago su tura masa manhajoji ta Xender, ya tafi yana murna. Wani kuma da bakinsa zai ce GB WhatsApp yake so, in ba ka sa masa ba ya tafi shagon gaba. Shekara da shekaru muna haka. Yanzu za ku ce duk haram ne?

Maman Ilham:
Ranka ya daɗe Alhaji, ba wanda ya ce tura manhaja ta Xender laifi ne. Idan fayil ɗin na asali ne, hannun mai shi na kansa, ko ta ina ya biyo lafiyarsa ƙalau, sa hannun ne ke tabbatar da haka. Matsalar tana kan waɗanda aka farke. GB WhatsApp da 'yan uwansa duk farkakku ne, wani ne da ba ku sani ba ya buɗe ya ƙara abin da ya ga dama. Kamfanin Kaspersky ya samu ƙwayar cutar waya mai suna Triada a cikin FMWhatsApp a 2021, ya sake samun ta a YoWhatsApp a 2022. WhatsApp da kansa yana rufe layukan masu amfani da irinsu. Shi wannan mutumin ƙauyen da kake tausayi, a wayar nan zai karɓi kuɗin amfanin gonarsa. Ya amince da kai ne ya miƙa maka ita.

Alhaji Mai Waya:
'Yata, maganarki ta shige ni. Amma ni ba zan iya zama ina buga apksigner a kan kowane fayil ba, yarana ma ba za su iya ba. Ku ba mu abin da zai yiwu a kasuwa.

Injiniya:
Allah ya ƙara girma Alhaji. Ba kowace rana za a yi ba. Manhajojin da kuke sa wa mutane ba su da yawa, kusan iri ɗaya ne kullum. A ware waya ɗaya mai tsabta a shago, a sauke su duka daga Play Store, daga ita kaɗai za a riƙa turawa. Kada yaro ya karɓi fayil daga wayar kwastoma ya ƙara a ciki. Manhajar banki da ta tura kuɗi kuwa kada a tura ta ko ta wace hanya, a buɗe wa mutum imel a sauke masa a gabansa, ko da da datar shago ne. Ni zan iya zuwa in nuna wa yaranka sau ɗaya idan ka yarda.

Alhaji Mai Waya:
Na yarda da wannan. Maganar GB ɗin ce dai sai mun zauna da sauran 'yan layi, don in ni kaɗai na daina, ciniki ne kawai zai koma gaba.

Ɗan Poly:
Injiniya, ni har yanzu ina son ganin abin da ke cikin ɓawon. Ba yadda za a yi?

Injiniya:
Akwai. Duk yadda aka kulle kod, dole a kwance shi kafin waya ta gudanar da shi, don haka masu bincike sukan bar manhajar ta tashi sannan su kwaso dex ɗin daga ƙwaƙwalwar waya, galibi da Frida, kayan leƙa cikin manhaja tana tsaka da aiki. Masu ɓawo sun san da haka. Shi ya sa suke duba ko an yi wa wayar rut, wato an cire mata shingayen tsaro na kamfani, ko a cikin kwamfuta ake gudanar da ita, ko Frida na kusa, in sun ji alama su rufe manhajar. Sababbin ma ba sa kwance kod gaba ɗaya. Wasu sai an kira aiki suke cike gurbinsa, wasu kuma sun juya muhimman ayyukan zuwa wani yare nasu na kansu da fayil ɗin so, irin libjiagu.so, ne kaɗai ke fahimta, ka kwaso dex ka tarar da ayyukan fanko. Daga nan sai Ghidra, manhajar binciken kod ɗin yaren na'ura, da haƙuri, kuma sau da yawa shi ma fayil ɗin so ɗin an rikita shi da irin su OLLVM.

In za ka gwada, ka nemi tsohuwar waya da babu layi, babu asusunka ko ɗaya, kada ka haɗa ta da intanet ɗin gida. Kuma ka tsaya kan fahimtar abin da take yi. Idan ka ga adireshin sabar, wato kwamfutar da ke nesa, da take tura wa bayanai, ba naka ba ne ka je ka taɓa, ka tuna akwai dokar laifukan intanet ta 2015. A haɗa abin da aka gani a miƙa wa kamfanin da aka yi wa sojan gona. Kafin ma ka fara, ka ɗauki lambar SHA-256 ta fayil ɗin ka nema a VirusTotal, shafin da ake duba ko fayil na ɗauke da ƙwayar cuta, wataƙila wasu sun riga sun yi aikin.

Maman Ilham:
Tunda ana maganar jadx ya buɗe bai ga komai ba, bari in faɗi wani abu don kada gobe a kama nawa a ce ɓawo ne. Ni da Flutter nake aiki, wani kayan gina manhaja da ake rubuta wa kod da yaren Dart. Idan ka buɗe manhajata a jadx, MainActivity za ka gani kusan fanko, da tarkacen Flutter. Ainihin aikin yana cikin lib, a fayil ɗin libapp.so, kusa da libflutter.so, don kod ɗin Dart kai tsaye ake juya shi zuwa yaren na'ura. Ba ɓoyewa na yi ba, haka ginin yake. Masu React Native nasu yana assets, index.android.bundle, kuma idan da Hermes aka gina ba za ka iya karanta shi a matsayin rubutu ba. Wasannin Unity za ka ga libunity.so da libil2cpp.so da global-metadata.dat. Masu Cordova kuwa shafin intanet ne zalla a assets/www, kowa na iya karantawa. A fara duba folda lib kafin a yanke hukunci.

Ɗan Poly:
Anti, to ke kina rikita naki?

Maman Ilham:
Ina yi. Wajen gini ina sa --obfuscate tare da --split-debug-info, in adana fayilolin da yake fitarwa, don in manhajar ta faɗi a wayar wani da su nake gane inda matsalar take. Masu Java da Kotlin nasu mapping.txt ne, wanda ya yar da shi zai ga rahoton faɗuwa cike da a.b.c ya rasa inda zai kama. Amma abin da nake gaya wa duk wanda na koya wa aiki shi ne rikitawa sunaye take canzawa, ba ta rufe rubutun da ka sa a ciki. Na sha buɗe manhajojin matasanmu na nan garin da suka kawo in duba musu, in yi strings, umarnin da ke fito da rubutun da ke cikin fayil, a kan libapp.so, sai ga mabuɗin sirrin kamfanin karɓar kuɗi kwance a fili. Wannan ko Jiagu ka sa masa jinkiri kawai ka saya, don dole manhajar ta kwance shi ta yi amfani da shi. Wurin ajiye irin wannan mabuɗi saba ce, ba cikin manhaja ba.

Injiniya:
Ƙari a kan haka, ga masu tunanin sa wa tasu ɓawo: ku gwada a kan ƙananan wayoyi tukuna, irin itel masu RAM kaɗan da suka cika gari. Kwance kod a kowane tashi yana cin lokaci da ƙwaƙwalwa, kuma wasu manhajojin riga-kafi suna yi wa duk mai ɓawon Sin kallon tuhuma ko da babu komai a ciki. Ga yawancin ayyukan da ake yi a nan, R8 da aka saita da kyau, da duba sa hannu a ɓangaren saba ta hanyar Play Integrity, tsarin Google na tantance manhaja, sun fi ɓawo amfani.

Malama mai POS:
Na tura gargaɗi a zaurenmu na Rigasa. Mutum biyu sun ce sun riga sun sa. Baban Khalifa, in turo su Kawo ko akwai wanda ya fi kusa?

Baban Khalifa:
Turo su Malama, ba zan karɓi ko sisi ba. Amma su fara kashe data, su cire layin su sa a ƙaramar waya, su kira bankinsu tun kafin su hau mota.